Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Yadda Ma'aikaci Nagari Zai Nemi Haƙƙinsa

Jawabin da aka gabatar a taron ma'aikata da dattawan ikilisiyoyinmu na Samaru da Sabon Gari, Zariya

  

Batun da aka ɗora mana yau shi ne halin ma'aikacin da aiki ya rataya a wuyansa, kowa ya san haka, amma in an zo rabon girma sai a tsallake shi. Ba ma nufin malalaci, ko mai zuwa ofis ƙarfe goma sha ɗaya ya tashi ƙarfe ɗaya. Muna nufin wanda makullin ɗakin gwaje-gwaje ke aljihunsa, wanda in injin ya tsaya shi ake nema, babbar nas da ke tsara aikin dare na sashe guda, mataimakin hedimasta da ke riƙe da makaranta shekara da shekaru, manajan shago a kasuwar Sabon Gari da maigida ke bar wa komai ya yi tafiyarsa. Waɗannan shugabanni ne a aikace, ko da takarda ba ta kira su haka ba. Da yawansu suna zaune a nan tare da mu.

Wannan ƙasa tamu ta ma'aikata ce

Bari mu fara da tuna inda muke. Sabon Gari ta kafu ne wajen 1911, lokacin da layin dogo ya iso Zariya, aka zaunar da ma'aikatan jirgin ƙasa da na kamfanonin ciniki. Samaru kuma ta tashi ne a kan tashar binciken aikin gona da aka buɗe a 1922, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Daga baya ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama, ga cibiyar binciken dabbobi da asibitin koyarwa a Shika, ga cibiyar fasahar fata, ga cibiyar fasahar sufuri, ga makarantu da bankuna. Kusan kowane gida a cikinmu yana da mai karɓar albashi, kuma da wannan albashin ake biyan kuɗin makaranta, ake kai tsofaffi asibiti, ake aika wa na ƙauye.

Ku dubi irin masara da dawa da wake da gyaɗa da suka fito daga Samaru, waɗanda sunayensu ke farawa da SAM, irin su SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA da SAMNUT. Manoma a Nijeriya da maƙwabta sun san su. Sunan shehun malamin da ya jagoranci bincike yakan fito, kuma ya cancanta. Amma a bayan kowane iri akwai wanda ya auna fili, ya ƙirga tsirrai cikin rana, ya rubuta sakamako damina bayan damina ba tare da kuskure ba. Haka yake a kowane wurin aiki. Tambayarmu ita ce, yaya wannan mutum zai yi a san da shi a lokacin da ya kamata?

Abin da shiru ke jawowa

Wani ɗan'uwa ya zo wurinmu kwanakin baya, ba za mu faɗi sunansa ko wurin aikinsa ba. Shugaban sashensu ya yi ritaya, aka ce masa da baki ya riƙe wurin kafin a ga abin da hali zai yi. Ya riƙe shekara huɗu. Ya gyara abin da ya lalace, ya horar da yara biyar, bai taɓa samun takardar tuhuma ba. Ranar da aka tashi cike gurbin sai aka kawo wani daga waje, aka kuma ce shi ya nuna wa baƙon yadda aikin yake. Da muka tambaye shi ko yana da takardar da ta naɗa shi riƙon ƙwarya, sai ya ce babu. Ko ya taɓa rubuta wa hukuma yana neman a tabbatar da shi? Ya ce a'a, yana ganin ai idonsu na gani. Da aka buɗe fayil ɗinsa, shekaru huɗun nan babu su a ciki ko layi ɗaya. Kwamitin da ya zauna bai ga aikinsa ba, fayil ya gani.

Kada mu ɗauka asarar ta tsaya ga ɓacin rai. Bari mu yi lissafi da misali. A ce ƙarin girma zai ƙara wa mutum naira 30,000 a wata, sai aka jinkirta masa shekara uku. Wata 36 ke nan, wato naira 1,080,000 ta wuce shi. Ban da wannan, dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari a asusunsa na ritaya, mai ba shi aiki ya zuba kashi 10. Kashi goman nan na ƙarin da bai samu ba ya kai naira 108,000, kuma da ya shiga asusun da yana ta haihuwa har ranar ritaya. Sa'an nan kowane ƙarin girma na gaba ya ja baya da shekara uku. A aikin gwamnati ana ritaya ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, ma'aikatan jami'a da ba sa koyarwa kuma a 65. Lokacin ƙayyadadde ne. Matakin da mutum bai taka ba kafin ranar, ba zai taka shi ba har abada, kuma matarsa da 'ya'yansa su ma sun yi asarar.

Akwai kuma asarar da ba ta lissaftuwa. Mun ga mutanen kirki da suka koma masu ɗaci, suna zuwa gida da fushin ofis, hawan jini ya kama su. Mun ga waɗanda suka ce tun da ba a gani, bari su ma su sassauta, har sunan da suka gina cikin shekara ashirin ya zube.

Shin neman haƙƙi girman kai ne?

Mun san abin da ke riƙe da yawancinmu. An tashe mu da cewa yabon kai jahilci ne, mahaƙurci mawadaci, kuma an koya mana tawali'u tun muna makarantar Lahadi. Duk gaskiya ne, ba mu zo mu rushe ko ɗaya ba. Amma akwai bambanci tsakanin mai cika baki da mai ba da lissafin aikin da aka ba shi amana. Wanda ya ce ya fi kowa, yabon kai yake yi. Wanda ya ce an ba shi injuna shida, huɗu ba sa aiki, yau biyar suna aiki, ga takardun, rahoto ya bayar.

Littafi Mai Tsarki ma bai hana wannan ba. Yusufu yana kurkuku ya roƙi mai shayar da Fir'auna ya tuna da shi, ya kuma bayyana cewa bai yi laifin da aka ɗaure shi a kai ba. Mutumin ya manta da shi shekara biyu, amma da ranar ta zo, maganar da Yusufu ya yi ce ta dawo masa. 'Ya'yan Zelofehad mata su biyar sun tsaya gaban Musa da shugabanni suka nemi gādon mahaifinsu, aka ba su gaskiya, har abin ya zama ƙa'ida ga waɗanda suka biyo baya. Mordekai ya tona makircin da aka ƙulla wa sarki, ba a yi masa komai ba, sai daren da barci ya ƙi zuwa wa sarki ya sa aka karanta masa littafin tarihin mulki. Da ba a rubuta aikin Mordekai ba, da babu abin da za a karanta. Ku riƙe wannan, domin a kansa shawararmu ta farko ta tsaya.

Na ɗaya: abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba

Kowane ma'aikaci ya sayi littafi guda na musamman, ko ya buɗe wuri a wayarsa. Duk ranar Juma'a kafin ya tashi, ya ɗauki minti goma ya rubuta abin da ya kammala a makon: kwanan wata, aikin, wanda ya sa shi, da sakamakon, da lambobi in akwai. Ɗalibai nawa, marasa lafiya nawa, buhu nawa, kuɗi nawa aka ceto. Idan lokacin cike takardar auna aiki ta shekara ya zo, wadda muka sani da APER, ba zai zauna yana cizon biro yana ƙoƙarin tuna abin da ya yi a watan Fabrairu ba. A ma'aikatun tarayya, sabbin ƙa'idojin aiki da aka ƙaddamar a 2023 sun kawo tsarin da ake kira PMS, inda ma'aikaci da shugabansa za su amince tun farkon shekara a kan abin da za a cim ma, a auna shi a kai. Ko wane tsari ake bi a wurinku, mai rubutu shi ke da abin nunawa.

Idan aka ba ka wani nauyi da baki, ka karɓa da ladabi, sa'an nan ka rubuta 'yar takarda ta layi uku: bisa umarnin da aka ba ni ran kaza, na fara kula da sashe kaza, ina roƙon a ba ni wannan a rubuce. Ka kai ofishin karɓar takardu, a buga wa kwafinka hatimi da kwanan wata, ka adana a gida. Idan wani babba ya yaba maka a taro, babu laifi ka bi shi daga baya ka roƙe shi ya sa yabon a takarda domin fayil. Kuma kada ka sa hannu a takardar auna aiki ba ka karanta makin da aka ba ka ba. In ba ka yarda ba, akwai gurbin da za ka rubuta dalilinka cikin natsuwa.

Na biyu: ka san ƙa'idar wurin aikinka

Rashin sani ya fi dare duhu. Mutane da yawa suna kuka an danne su, alhali ba su taɓa buɗe littafin sharuɗɗan aiki ko tsarin matakan layinsu ba. A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, mai mataki na 6 zuwa ƙasa yakan cika shekara biyu kafin a duba shi don ƙarin girma, mai mataki na 7 zuwa 14 shekara uku, mai 15 zuwa sama shekara huɗu. Cika shekarun bai wadatar ba: sai an tabbatar da mutum a aiki, sai ya ci jarrabawa inda ake yin ta, sai kuma akwai gurbi. Jami'o'i da cibiyoyin bincike da asibitoci suna da nasu littattafan, da nasu kwamitin naɗi da ƙarin girma, da lokacin da yake zama. Wanda ya kai takardunsa bayan an rufe karɓa, sai baɗi.

Wani lokaci abin da ya tare mutum ba mugun shugaba ba ne, rufin layinsa ne. Misalin da ya fi damun 'yan'uwanmu shi ne na masu babbar difloma ta HND. An daɗe ana tsayar da su a mataki na 14 a aikin gwamnati, mai digiri kuwa yana iya kaiwa 17. A 2021 Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke wannan bambanci, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba. Saboda haka wanda yake wannan layi kada ya jira har ya bugi rufin. Tun yana mataki na 10 ko 12 ya je ofishin kula da ma'aikata ya tambaya a rubuce: wane ƙarin karatu kuke karɓa domin sauya layi? Ya kuma nemi izinin karatun a rubuce kafin ya fara, domin takardar shaidar da aka samo ba da izini ba takan zama abin jayayya. Muna zaune kusa da jami'a, ga karatu daga nesa, ga na ƙarshen mako. Mutanen wasu garuruwa tafiyar yini suke yi su zo neman abin da ke bakin ƙofarmu.

Wanda aka tsallake shi bisa kuskure kuma, ya san cewa ana iya mayar da kwanan watan ƙarin girmansa baya, ko da ba za a biya shi bashin albashin ba. Wannan yana dawo masa da matsayinsa a jerin waɗanda suka riga shiga, kuma yana gyara lissafin ƙarin girma na gaba. Sai an nema ake samu.

Na uku: ka yi magana da shugabanka kafin ranar rabo

Kuskuren da muke yawan yi shi ne yin shiru shekara uku, sa'an nan ranar da jerin sunaye ya fito mu shiga ofis da fushi. A lokacin alƙalami ya riga ya bushe. Abin da ya fi shi ne ka nemi ganin shugabanka wata shida ko shekara guda kafin lokaci, a ranar da hankalinsa ke kwance. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce masa: Ranka ya daɗe, ina so in kai mataki kaza, ga abin da na yi zuwa yanzu, me ya rage mini? Sai ka yi shiru ka saurara. Abin da ya faɗa ka rubuta, ka cika shi, ka dawo bayan wata uku ka nuna masa. Kada ka kawo sunan wani a maganar, kada ka ce ai wane bai kai ni ba. Magana zarar bunu ce. Da zarar ka ambaci wani, zancen ya tashi daga aikinka ya koma rigima.

A nan muna da kalma ta musamman ga 'yan'uwanmu mata. Wasu masana tattalin arziki a Amurka, cikinsu har da Linda Babcock da Lise Vesterlund, sun wallafa bincike a 2017 a kan ayyukan da ke taimakon ma'aikata duka amma ba sa kai mai yin su ga ƙarin girma, irin su rubuta bayanin taro da shirya liyafa da zama a ƙananan kwamitoci. Sun gano an fi roƙon mata su yi irin waɗannan, kuma idan aka roƙa, mata sun amsa sau 76 cikin ɗari, maza sau 51. Ko ba a yi mana bincike ba mun san haka yake a nan. Ba mu ce ku ƙi taimako ba. Amma 'yar'uwar da ta yi shekara biyar tana rubuta bayanin taro tana iya cewa da ladabi, bana a ba wani ya koya, ni kuma a sa ni a kwamitin kasafin kuɗi.

Na huɗu: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Mutum yana bukatar mataimaka iri biyu. Akwai mai ba ka shawara, wanda za ka zauna da shi ya gaya maka gaskiya. Akwai kuma mai tsaya maka, wanda yake cikin ɗakin da ake yanke shawara, wanda in an ambaci sunanka zai ce na san aikinsa, ku ba shi. Yawancinmu muna da na farkon, ba mu da na biyun.

Ku ji labarin Katalin Kariko, 'yar ƙasar Hangari da ta yi aikin bincike a wata jami'a a Amurka. A 1995 aka rage mata matsayi domin ta kasa samo kuɗin bincike. Wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da ya san ingancin aikinta ya nema mata wuri a sashensu, ta ci gaba. Wajen injin kwafe takardu ta haɗu da Drew Weissman, suka haɗa aiki, suka wallafa sakamakonsu a 2005 ba tare da duniya ta kula ba. A 2013 ta koma kamfanin BioNTech na Jamus. Aikin nan nasu shi ya zama tushen wasu alluran rigakafin korona, kuma a 2023 aka ba su biyun lambar Nobel. Ƙwazonta nata ne, amma ba don wanda ya buɗe mata ƙofa a lokacin da aka rufe ba, da wataƙila ba mu ji sunanta ba.

A nan gida ma muna da misali. Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a nan Zariya a 1939, ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma. A can ya gana da Lugga, tsohon gwamna, ya kuma rubuta masa damuwar 'yan Arewa masu ilimin zamani da ba a sauraronsu. Bai yi zagi ba, bai yi shiru ba, ya sa maganar a takarda ya miƙa wa wanda za a ji muryarsa. Daga baya shi kansa ya zauna a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Farfesa Ishaya Audu kuma, wanda aka haifa a Anchau a 1927 ya yi karatu a Wusasa, ya zama likitan Sardauna Ahmadu Bello, sa'an nan ya shugabanci jami'ar nan daga 1966 zuwa 1975, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe kujerar. Waɗanda suka amince da shi ba duka ne 'yan ikilisiyarsa ba. Aikinsa suka gani a kusa.

Darasin shi ne, kada mu nemi mai tsaya mana a cikin 'yan garinmu ko 'yan majami'armu kaɗai. Da yawa a cikinmu za su shaida cewa wanda ya sa hannu ya ɗaga su wani Alhaji ne ko wata Hajiya da ta ga amanarsu. Kuma mu bambanta wannan da fadanci, da kai gulma, da kai buhun masara gidan shugaba da dare. Mai tsaya maka na gaskiya aikinka ne ke sayo shi: ka karɓi aikin da zai sa ya gan ka, ka cika alkawari, ka riƙa sanar da shi abin da ka kammala. Yana sa sunansa ne a kan naka, don haka kada ka ba shi kunya.

Ƙungiyar ƙwadago ma mataimakiya ce. A jami'a akwai ASUU, da SSANU, da NASU, da NAAT ta masu fasahar ɗakin gwaji, a asibiti da makarantu kuma kowa da tasa. Ana cire mana kuɗin ƙungiya kowane wata, amma wasunmu ba sa zuwa taro sai ranar da wuta ta kama gemunsu.

Na biyar: in an bi duk wannan ba a ji ba

Akwai matakai, kuma a bi su ɗaya bayan ɗaya. Da farko takardar koke zuwa ga hukumar wurin aikinka, ta hannun shugabanka, da sunanka da sa hannunka, shafi ɗaya ko biyu: ga abin da ƙa'ida ta ce, ga abin da ya faru, ga abin da nake roƙo. Takardar da ba suna ba ta da daraja. In ba amsa, a tunatar, sa'an nan a ɗaukaka zuwa hukumar gudanarwa. Bayan haka akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, tana da ofis a Kaduna, ba a biyan ko kwabo. Amma dokarta ta ce a kawo kuka cikin wata goma sha biyu da faruwar abin, kuma a fara gama bin hanyoyin cikin gida. Daga ƙarshe akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta ikon shari'ar aiki da ƙwadago, tana kuma zama a Kaduna. Kotu tana cin kuɗi da lokaci da zumunci, don haka a nemi shawarar lauya da wuri, a kuma auna kafin a shiga.

Dole mu taɓo abin da ke zuciyar wasu. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, ko asali, ko jinsi, ko addini, ko ra'ayin siyasa. Irin wannan bambanci yana faruwa, ba za mu ce ba ya faruwa ba, kuma inda akwai shaida a faɗe shi a inda ya dace. Amma muna roƙonku, kada ya zama zargin farko da zai fito daga bakinmu. Mu fara duba fayil, da takardun shaida, da gurbi, da kwanan wata. Sau da yawa za mu tarar maƙwabcinmu Musulmi a ofis ɗaya yana fama da irin ciwon, kuma kukan mutum biyu da suka haɗa kai a kan ƙa'ida ya fi saurin shiga kunne.

Ga masu aiki a wuraren 'yan kasuwa, a shaguna da gidajen burodi da gidajen mai da makarantu masu zaman kansu na Sabon Gari, Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Dokar ba ta game masu riƙe da mulki da ƙwararru ba, amma hikimar ta shafi kowa: manajan da ba shi da takarda, ranar da maigida ya rasu 'ya'yansa suka karɓi shago, ba shi da abin riƙewa. A nemi takarda tun ana dariya da juna. In kuma ta bayyana cewa wurin ba shi da sama da inda kake, neman canjin sashe ko wani aikin ba butulci ba ne. A fita ta ƙofa, a miƙa komai daidai, a yi sallama da kyau.

Abin da ya rage ga dattawa

Iyayenmu dattawa, a cikinku akwai tsofaffin magatakarda, da akantoci, da manyan nas, da shugabannin makarantu, da waɗanda suka zauna a kwamitin ƙarin girma shekaru da yawa. Abin da kuka sani yana tafiya ritaya tare da ku. Muna ba da shawara kowace ikilisiya ta ware mutum uku ko huɗu irinku, su zauna sau ɗaya a wata bayan sujada, duk mai damuwar aiki ya zo da takardunsa a duba masa a asirce, a gyara masa wasiƙa, a gaya masa gaskiya ko da ba ta yi masa daɗi ba. Wani za a ce masa kana da hujja, rubuta. Wani za a ce masa koma makaranta tukuna. Ba ma so a ɗauki tawaga a tafi ofishin kowa, ba ma so a kai sunan wani shugaba kan bagade.

Sa'an nan mu juya madubin ga kanmu. Da yawa a cikinmu mu ne shugabannin da ake kuka da su. Wa ke ƙarƙashinka da ka dogara da shi har ba ka so ya matsa, domin in ya tafi aikinka zai tsaya? Yaushe rabonka da rubuta wa wani takardar yabo? Takardun auna aiki nawa ne ke kwance a teburinka ba ka sa hannu ba? Ikilisiya ma mai ba da aiki ce. Akwai sakataren ofis, da malaman makarantunmu, da mai gadi, da mai shara, wasu sun shekara goma a kan albashi ɗaya ba takarda ba fansho. Kafin mu nemi adalci a waje, mu tabbata waɗannan sun same shi a hannunmu.

Muna roƙon kowane ma'aikaci da ke nan ya yi abu uku kafin ƙarshen wata: ya buɗe littafin rubuta aikinsa, ya samo kwafin sharuɗɗan aikin wurinsa ya karanta, ya kuma nemi ranar zama da shugabansa. Kowane shugaba kuma ya zaɓi mutum ɗaya a ƙarƙashinsa da ya cancanta, ya rubuta masa takardar yabo a wannan makon. Dattawan da suka yarda su shiga zaman duba takardu su ba sakatare sunayensu kafin a tashi.

 Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.